Malama Sa'adiyya da Shanun Jikin Dutse

A Gwaram aka haifi Sa'adiyya, a gidan Alhaji Barau mai motoci. Manyan motocin katako ne da shi, masu ɗaukar dawa da gyaɗa su kai Kano, kuma ba ya yarda motarsa ta hau titi sai an yi mata ado. Akwai wani mai fenti, Sabo, da yake zuwa da gwangwanayensa duk sanda aka ƙera sabon bodi. Ya zana zaki a ƙyauren baya, ko doki ya ɗaga ƙafa, ko dabino da rijiya a gindinsa. Tun Sa'adiyya ba ta isa shiga makaranta ba take tsugunawa a bakin zaure tana kallon hannunsa, a yi ta kiranta daga cikin gida ta yi kamar ba da ita ake ba.

Da ta gama sakandare ta ce ita Zariya za ta, ta karanta zane da tarihinsa. Alhaji Barau mutum ne mai son a ce 'yarsa tana jami'a, don haka bai hana ba, amma har ya koma ga Allah bai gane abin da take karantawa ba. In abokansa suka tambaye shi a tasha sai ya ce, "Wani abu ne dai kamar injiniya, amma na fenti." Ta yi masa bayani ta gaji. Ta ce, "Baba, tarihin abin da mutane suka zana ne, wa ya zana, yaushe, da me, kuma don me." Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka, washegari ya sake cewa injiniya.

Tana koyarwa a Kano ta auri Abdurra'uf, mutumin Birnin Kudu mai sayar da kayan gyaran mota, mai sanyin hali da yawan dariya. Ba a jima ba aka yanke Jigawa daga Kano, aka ce kowane ma'aikaci ya tattara ya koma jiharsa. Abokan aikinta suka yi ta ƙorafi, wannan ya ce ba gidan haya a Dutse, wancan ya ce ina zai kai 'ya'yansa. Ita kuwa murna ta yi, domin Birnin Kudu aka tura ta, kuma tun tana ɗaliba take karanta labarin shanun da mutanen dā suka zana a jikin duwatsun garin. Ta ga Allah ya kawo ta inda aikinta yake.

Murnar ba ta wuce ofishin shugaban makaranta ba. Ya duba takardunta, ya cire tabarau, ya ce, "Malama, mu nan ba mu da darasin zane. Mai koyar da Hausa muke nema, sai mai koyar da girki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban karanta girki ba."

Ya ce, "To ai ke mace ce."

Haka ta shafe shekaru tana koya wa 'yan mata nahawu da yadda ake kwaɓa cincin. Sai ƙarshen mako take samun kanta. Abdurra'uf ya ɗauke ta a akori-kurarsa ya kai ta gindin dutse, ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya kunna rediyo, ita kuma ta ɗaure zane ta hau, da kyamara a wuya da takarda mai shara-shara da take kwafar zanen a kai. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne shanun ba su da tozo. Ga ƙaho, ga hantsa, ga bindi, amma bayansu a miƙe yake sumul. Wato waɗanda suka zana su sun zauna da wasu irin shanu ne daban, kafin masu tozon da kowa ya sani yanzu su cika ƙasar. In ta sauko tana haki tana ba mijinta wannan labari, sai ya ce, "Ikon Allah! To Maman Basma, kin ci abinci kuwa?"

Wata tsohuwa a Dingaya ta ƙasar Gwaram, Inna Jummai, wadda a zamaninta ita ke yi wa ɗakunan amare ado da jar ƙasa da fara, ita ta ba ta labarin wani ɗan kogo a bayan gonaki da ba wanda ya damu da shi. Ta ce tun tana yarinya suke fakewa ruwa a ciki, kuma akwai shanu a bangon. Da Sa'adiyya ta shiga ta saba da duhun wurin, sai ta gan su, jajaye, sun dushe kamar tabon goro a tsohon mayafi, suna jere sun fuskanci gabas. Ba ta taɓa ganin an ambace su a wani littafi ba. Ranar ko abincin da mijin yake tambaya ba ta iya ci ba.

To a tsakiyar wannan ne wani abu ya faɗo mata wanda ba ta nema ba. Lokacin da take zaman jegon 'yarta ta biyu, an hana ta fita, an hana ta hawa dutse, zaman ya ishe ta, sai ta ɗauki biro ta shiga rubuta labarin wani direban motar Gwaram da wata mai sayar da fura a tasha. Don rage zafin zama kawai ta yi shi. Abdurra'uf ya karanta ya yi ta dariya har da hawaye, ya roƙe ta ta bari ya kai wa wani abokin cinikinsa a Kano, Alhaji Maikano, mai maɗaba'a. Ta yarda, da sharaɗin ita za ta zana bangon. Ta zauna ta zana motar katako da sassafe, lodi ya cika, mai fura tana tsaye a gefe. Ta sa wa labarin suna *Motar Gwaram Ta Tashi*.

Da littafin ya fito ta juya shi gaba da baya, ba mota ba dalilinta. Wata farar yarinya ce mai dogon gashi da ɗigo a goshi take murmushi a bangon, irin ta finafinan Indiya. Washegari ta hau motar Kano.

Ta ajiye littafin a teburin Alhaji Maikano ta ce, "Alhaji, wace ce wannan?"

Ya ce, "Mai furar mana."

"A wace tasha ka taɓa ganin mai fura haka? Ina zanen da na ba da?"

Ya ce, "Haba Malama, zanenki ya yi kyau, har na liƙa shi a ofis, ga shi can. Amma motar katako ba ta sayar da littafi. Ke dai ki je ki rubuto na biyu."

Abin haushin shi ne littafin ya karɓu. Mata suka riƙa karɓar haya suna karantawa a cikin gidaje daga Birnin Kudu har Haɗeja. 'Yan ajinta suka daina jin nahawu, sai tambayar ko direban zai dawo. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Talatu, ta yi fushi da ita har Sallah ta wuce, wai muguwar tsohuwar da ke cikin labarin da ita ake, tunda ita ma tana da wushirya. Sa'adiyya ta rubuta na biyu, ta rubuta wasu labaran, kuma gaskiya tana jin daɗin rubutun, don tana da kunnen jin maganar mutane, ta san yadda kwandasta yake zagi da yadda dattijuwa take habaici. Amma in ta tuna cewa wannan da take yi da hannun hagu shi duniya ta sani, wancan da take hawa dutse dominsa har gwiwarta ta fara ciwo ba mai tambayarsa, sai takaici ya kama ta.

Ta yi shekaru tana haɗa littafin tarihin, da hotuna da kwafin zane da hirarrakin tsofaffi irin su Inna Jummai. Da ya kammala ta kai wa Alhaji Maikano da kanta. Ya buɗe, ya yi ta juya shafuka yana lasar yatsa.

Ya ce, "Malama, na ga shanu. Na sake ganin shanu. A ina mutanen suke shigowa?"

"Babu mutane, Alhaji. Tarihi ne."

"To ko makiyayin ba zai ga wata yarinya a bakin rafi ba? Ki ɗan saka, ko shafi kaɗan ne."

Ta tattara kayanta ta fito ko sallama ba ta yi ba. A mota har Wudil tana tsaki, har matar da ke kusa da ita ta tambaya ko haƙori ke damunta.

Wata shekara ana shirin bikin zagayowar ranar samun jiha, sai wata ƙungiyar 'yan kasuwa da masu motoci ta yankin ta ce ita ma za ta yi nata taron, ta gayyato baƙi daga Dutse da masu ɗaukar hoton talabijin, a nuna musu abin tarihin da ƙasar Gwaram take da shi. Shugabansu Alhaji Manu, dillalin hatsi ne mai son harka, ya zo har gida ya ce ya ji labarin kogon Dingaya, yana so Malama ta yi wa baƙi jawabi a wurin. Sa'adiyya ta ji kamar ta yi guɗa. Karon farko ke nan da wani ya sallama a ƙofar gidanta don shanun, ba don direba da mai fura ba.

Ta kai shi kogon da kanta. Ya sunkuya ya shiga da babbar rigarsa, ya ƙanƙance ido, ya ce, "To ina suke?"

Ta nuna masa. Ta bi layin ƙaho da tsinke ba tare da ta taɓa bangon ba.

Ya ce, "Af! Wannan ai kyamara ba za ta gani ba."

Ta ce, "Alhaji, haka suke, kuma haka za a bar su. Ko ruwa kada a watsa musu. Ko hannu kada a sa. Zan zo da manyan kwafin da na yi, a kafa a waje kowa ya gani."

Ya ce, "Kada ki damu, Malama, ki bar komai a hannuna."

Ana gobe taro ta sa Abdurra'uf ya kai ta da safe don ta ga inda za a kafa kwafin. Tun daga bakin gona ta ji wari. Ta san warin, da shi ta girma. Ta yar da jakarta ta sheƙa a guje, mace mai 'ya'ya, zane yana harɗe ta.

A cikin kogon wani tsoho ne a tsaye kan benci, da gwangwanaye a jere a ƙasa. Bangon yana ƙyalli. Shanu farare tas da baƙaƙe, da ido da hanci da igiya a wuya, har da koriyar ciyawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Kuma kowace saniya an ɗora mata tozo, ƙato, ya karkata gefe kamar na bijimin Sallah.

Ta kurma ihu ta ce, "Kai! Tsaya! Wa ya sa ka?"

Tsohon ya juyo a razane, buroshi yana ɗiga. Ya dube ta, ya dube ta, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "La ila! 'Yar Alhaji Barau ce? Sa'ade? Ke ce Malamar da ake faɗa?"

Sabo ne. Ya tsufa, ya ranƙwafa, amma shi ne. Ta sassauta murya.

Ta ce, "Baba Sabo, me ka yi haka?"

Ya ce, "Alhaji Manu ne ya ce in fito da su, wai baƙi za su zo, sun koɗe. Kin ga na bi layinsu daidai ban kauce ba. Tozon ne kawai na ga duk ruwa ya wanke, na mayar musu."

Ta ce, "Ba ruwa ba ne! Ba su da shi! Tun asali ba su da shi! Shi ke nan abin da ya sa ake zuwa ganinsu!"

Ya dubi bangon, ya dubi hannunsa. Ya ce a hankali, "Saniya ba tozo? To ni wa ya gaya mini, 'yar nan?"

Ta nemi dutse ta zauna. Ba ta iya yi masa faɗa, mutumin da ya saya mata alewa tana tsugune a zaure. Wanda ya kamata ta yi wa yana can yana rabon katin gayyata. Ta tashi ta bi bangon da ido har ƙurya, inda rufin ya yi ƙasa. A can ta tarar da saniya ɗaya da ɗan maraƙinta, jajaye, dusassu, yadda ta san su. Ciwon baya ne ya hana Sabo sunkuyawa, ya bar su sai ya huta. Ta tsaya a gabansu ta ce ko za a yanka ta ba mai ƙarasowa nan.

Abdurra'uf ya iso yana haki da jakarta a hannu. Ya ɗaga kai ya ga bango, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Kai, amma fa tsakani da Allah sun yi kyau." Ta galla masa harara ta fizge jakarta. Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Hannun Sabo bai mutu ba. Da a bayan mota ya zana su, da ita ce ta farkon ɗaukarsu hoto.

Da ta tare Alhaji Manu, shi mamaki ma ya yi. Ya ce, "Malama, gyara fa muka yi miki. Da aljihuna na sayi fentin nan, mai kyau, ba ya koɗewa." Ta ce ai matsalar ke nan. Ya ce shi dai bai ga abin tashin hankali ba, shanu ne dā, shanu ne yanzu.

Aka yi taro. Baƙi suka sunkuya suka shiga, suka fito suna cewa lallai mutanen dā sun iya zane, dubi yadda fentinsu ya daɗe bai dushe ba. Da aka miƙa mata lasifika ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, ta ce abin da suka gani jiya aka yi shi, na ainihin yana ƙarƙashi an binne shi, ta ɗaga kwafinta ta nuna musu bayan shanun a miƙe. Sai mai gabatarwa ya karɓe lasifikar yana dariya ya ce, "Mun gode, Malama. Jama'a, ko kun san wannan ita ce ta rubuta *Motar Gwaram Ta Tashi*? Malama, don Allah ki taimake mu, direban nan zai auri mai furar ko kuwa?" Tafi ya ɓarke. Matan da ke bayan rumfa har da guɗa.

Ta aika wa wani da suka yi karatu tare, wanda ya ƙware a gyaran kayan tarihi, ya zo ya duba. Ya ce in aka kankare sabon, tsohon zai biyo shi, gara a bari. Sabo kuwa ya zo gidanta da kansa bayan kwana biyu, ya tsuguna a zaure ya ce ta yafe masa. Ta ce ba laifinsa ba ne, ta sa aka kawo masa tuwo, suka zauna ya yi ta ba ta labarin wanda ya koya masa fenti a Fagge da irin zanen da direbobin dā suke so. Tun tana sauraro don kara har ta miƙe ta ɗauko biro. Hirar ta zama babi guda a littafin tarihin.

Littafin ya fito daga baya, Abdurra'uf ne ya ɗauki nauyinsa, wataƙila don ya wanke bakinsa. A wannan karon ta tsaya a kan injin da kanta har aka buga bangon da ta zana. Ɗaliban jami'a sukan zo jefi-jefi su nema, sauran kwafin kuma suna jibge a kan kantar shagon mijinta, tsakanin fulogi da bel ɗin fanka.

Abin da ta sa a gaba bayan nan shi ne a kewaye kogon, don yara sun gano shi, sun fara rubuta sunayensu da gawayi. Ta yi ta zarya gidan Alhaji Manu har matansa suka san sallamarta. In ya ce bayan girbi, ta dawo bayan girbi. In ya ce bayan azumi, ranar Sallah da yamma tana zaurensa. Daga ƙarshe, don ya huta, ƙungiyar ta sa aka yi shingen ƙarfe da ƙofa, aka danna ƙaton kwaɗo.

Ranar da ta zo da 'yan ajinta na ƙarshe kafin ta yi ritaya, ta cika motar haya da su don su ga saniyar da maraƙinta, sai ta tarar da ƙofa a kulle. Ta aika gidan mai unguwa, aka ce makulli yana wurin Alhaji Manu. Ta sa aka kira shi a waya, ya ce ai ya ba direbansa ajiya. Direban kuwa ya yi lodin riɗi ya tafi Legas.

Malama Sa'adiyya ta tsaya a rana, 'yan mata sun zuba mata ido. Ta yi ƙwafa, ta ce da direban motar hayar ya koma cikin gari ya zo mata da mai walda. Mai waldan ya zo, ya dubi kwaɗon, ya ce shi fa yana tsoron rigima. Ta ce, "Yanke. In an tambaya ka ce ni ce." Ya yanke. Ta sayi sabon kwaɗo a hannunsa, ta zura makullin a igiyar tabaraunta ta rataya a wuya.

Sannan ta juya ga 'yan matan ta ce su cire takalma, su shiga da kaɗan-kaɗan, su wuce masu ƙyallin nan ba tsayawa, su tafi ƙurya su durƙusa. Ta ce duk wadda ta sa hannu a bango, ko ta tambaye ta labarin mai fura, a ƙasa za ta koma Birnin Kudu.